Ma'aikaci ya shiga manhajar albashi ya tarar da bayanan wani: ta ina ake fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani a Jidda da ke jigilar alhazai da ciyar da su. Bayanan ma'aikatanmu suna fitowa daga SAP SuccessFactors, manhajar sashen ma'aikata, zuwa Active Directory, kundin asusun shiga na cikin kamfani, daga nan su wuce Microsoft Entra ID, kundin asusun da ke kan intanet, wanda ta kansa ake shiga manhajar albashi da ta jadawalin aiki. Tun da muka haɗa su, wasu daga cikin waɗanda suka dawo aikin Hajjin bana sun tashi da asusu biyu, wasu an ƙi buɗe musu asusu, sannan wani sabon direba ya zo ya faɗa mana cewa ya shiga ya tarar da takardar albashin wani da ya bar aiki. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Malam, cikin abubuwa ukun da ka lissafo, maganar direban ce ta fi nauyi, kuma da ita za ka fara. Ma'aikacin da aka ƙi buɗe wa asusu da ƙafarsa zai zo ofis ya yi ƙorafi, amma wanda aka shigar asusun wani babu tabbacin zai yi magana, kuma babu saƙon kuskuren da zai fito a allonka, domin a lissafin manhajojin komai ya tafi daidai. Shi wannan bawan Allah mai amana ne, ya kawo rahoto. Abin da ya rage a gano shi ne mutum nawa ne irinsa suka gani suka yi shiru. Albashin mutum da lambar asusun bankinsa suna cikin abin da dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta ba kariya. Dokar ta fara aiki a ranar 14 ga Satumba 2023, wa'adin shekara guda da aka ba kamfanoni su kimtsa ya cika a Satumba 2024, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke sa ido a kanta, kuma ƙa'idojin aiwatar da ita sun ba da awa 72 na kai rahoton fallasar bayanan da za ta iya cutar da masu su. Saboda haka ka sanar da shugabanka da lauyan kamfanin a rubuce tun yau, su za su yanke ko lamarin ya kai a kai shi gaba.

Bayan wannan, ka dakatar da aikin da ke buɗe asusu da kansa, ka kwafe jerin ma'aikata daga kowace manhaja yadda yake a yanzu ka ajiye, kuma kada ka goge ko asusu ɗaya. Hannun mai gyara yana ƙaiƙayin goge asusun da yake ganin maimaici ne, alhali gogewar ce ke tafiya da hujjar da za ta nuna masa inda ɓarakar take.

Ina ganin matsalolin nan uku uwarsu ɗaya. Duk inda manhajoji biyu suka haɗu, dole ne su amsa tambaya guda: wannan mutumin da ke wajena, shi ne wancan da ke wajenki? Suna amsawa ne ta hanyar kwatanta wani gurbi ɗaya na bayanansa. Idan gurbin da aka zaɓa abu ne da ke canzawa, mutum ɗaya zai rabu biyu. Idan kuma abu ne da ake karɓewa a ba wani, mutum biyu za su zama ɗaya. Suna, adireshin imel, sunan shiga da lambar waya duk suna da wannan aibi. Abin da ake bukata shi ne lambar da ake ba mutum sau ɗaya, ba ta canzawa, ba a sake ba wa kowa ita har abada, kuma ba ta ɗauke da wata ma'ana game da shi. Kamar turke take: dabba tana iya kewayawa ta ko'ina, amma turken yana nan inda aka kafa shi. Zan riƙa kiranta lambar turke daga nan.

Abin da nake zargi a kan direban shi ne imel. Idan an haɗa manhajar albashi da Entra ID ta ƙa'idar SAML 2.0, wadda ƙungiyar OASIS ta amince da ita a 2005, to a duk shiga ana aika wa manhajar wata shaida mai ɗauke da gurbin NameID, kuma idan ba a canza saitin asali ba, Entra ID yana zuba userPrincipalName a wurin, wato sunan shiga mai siffar adireshin imel. Wancan ma'aikaci ya bar aiki, an goge asusunsa a Active Directory, amma bayanansa sun ci gaba da zama a manhajar albashi, kamar yadda ya kamata su zauna. Sabon direba mai suna iri ɗaya ya zo, tsarin ƙirƙirar suna ya duba ya ga adireshin babu mai shi, ya ba shi. Da ya shiga, manhajar albashi ta ga adireshin da ta sani, ta buɗe masa tsohon fayil. Kana iya tabbatar da wannan cikin 'yan mintuna: ka sa SAML-tracer, ƙaramar manhajar da ke nuna shaidar da aka aika, a burauza, a shiga da asusun gwaji, ka karanta abin da ke cikin NameID, sannan ka tambayi masu manhajar albashi da wane gurbi suke kwatanta shi.

Idan kuma ta OpenID Connect aka haɗa, ƙa'idar da aka kammala a 2014, rubutun ƙa'idar da kansa ya faɗa ƙarara cewa gurbin iss, mai nuna wanda ya ba da shaidar, da gurbin sub, lambar mutumin a wajensa, a haɗe su kaɗai ne abin dogaro wajen gane mutum, kuma ya yi gargaɗi kan dogaro da imel. Akwai tarko a nan da ke kama masu haɗa manhajoji da yawa: a Entra ID, sub na mutum ɗaya ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja, don haka ba za ka iya kwatanta sub na manhajar albashi da na manhajar jadawali ba. Wanda yake zama ɗaya a duk manhajojin kamfanin shi ne oid, tare da tid mai nuna kamfanin. Dogaro da imel ya wuce kuskuren aiki, rami ne na tsaro. A Yunin 2023 kamfanin Descope ya bayyana raunin da aka sa wa suna nOAuth, inda maharin da ya rubuta imel ɗin wani a asusunsa na Entra zai iya shiga manhajar da ke gane mutane da imel.

Hanyar binciken da na fi yarda da ita ita ce bin mutum ɗaya daga tushe har ƙarshe, maimakon karanta dubban layukan rajista. Ka ɗauki mutum ɗaya daga kowace matsala, da mutum ɗaya wanda komai nasa lafiya. Ka rubuta abin da kowace manhaja ta san shi da shi: personIdExternal da userId a SuccessFactors, employeeID, objectGUID, ms-DS-ConsistencyGuid, sAMAccountName da proxyAddresses a Active Directory, objectId, ImmutableID da userPrincipalName a Entra ID, sai lambar cikin gida da sunan shiga a manhajar albashi. A kowace mahaɗa ka yi tambaya biyu: da wane gurbi aka kwatanta, kuma me ake yi idan ba a sami kowa ba ko aka sami fiye da ɗaya? Wurin da layin mai matsala ya saɓa da na mai lafiya, nan ne ciwon yake. Rajistar tura ma'aikata ta Entra tana nuna gurbin da aka yi kwatancen da shi a kowane mutum, kuma ka tuna Entra Connect, manhajar da ke kwasar asusu daga Active Directory zuwa Entra ID, yana zagayawa duk minti 30 ne, don kada ka ɗauki jinkiri a matsayin kuskure.

Na san abin da wani zai ce maka a ofis: ai ga lambar igama nan, wato katin zaman baƙo a ƙasar, alƙalami goma ce, kowa da tasa, me zai hana a kafa turken a kanta? Shawara ce mai jan hankali, domin hulɗar kamfani da shafukan gwamnati na Muqeem da Qiwa da hukumar inshorar ma'aikata ta GOSI duk da ita ake yi, amma ban yarda da ita ba. Baƙon ma'aikaci yana shigowa ƙasar ne da lambar kan iyaka da ake ba shi a wurin shiga, igamar tana fitowa daga baya, wato a makonninsa na farko, lokacin da ake buɗe masa asusu, gurbin babu komai ko kuma an cika shi da wata lamba da za a sauya. Waɗanda ake kawowa da bizar aikin wucin gadi don Hajji suna iya gama aikinsu su koma ba su taɓa riƙe igama ba. Lambar ɗan ƙasa tana farawa da 1, ta mai igama tana farawa da 2, ke nan lamba ce mai ma'ana, kuma wanda matsayinsa ya canza lambarsa za ta canza. Fasfo kuwa kowace sabuntawa da sabuwar lambarta. Bayan duk wannan, idan ka mai da igama turke, ka watsa lambar shaidar mutum cikin kowace manhaja da kowace rajista, har waɗanda ba su da hurumin ganinta. Amfaninta na gaskiya shi ne hujja: sashen ma'aikata ya duba ta lokacin ɗaukar mutum don gane ko ya taɓa aiki a kamfanin, ta tsaya a nan.

Suna kuwa ya fi igama rauni nesa ba kusa ba, kuma mu Hausawa da ke aiki a ƙasar nan mun fi kowa sanin haka. Mutum ɗaya fasfonsa na cewa Muhammadu, kwantiraginsa na cewa Mohammed, igamarsa tana ɗauke da sunan da haruffan Larabci yadda jami'in da ya shigar ya ji shi, abokan aikinsa kuma Mamman suka sani. Tsarin suna huɗu da aka saba a nan, naka da na uba da na kaka da na dangi, bai dace da wanda sunansa na ƙarshe sunan garinsu ne ba. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba sa shiga layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa. A Larabcin ma, idon mutum yana ganin suna ɗaya inda kwamfuta ke ganin biyu: Ahmad da hamza a kan alif da Ahmad babu hamza, ta marbuɗa da ha a ƙarshen Faɗima, ya mai ɗigo biyu da alif maƙsura a ƙarshen Ali, ga layin jan harafi da ake sakawa don ƙawata rubutu. Alif mai hamza ma kansa Unicode ya yarda a rubuta shi da lamba ɗaya, U+0623, ko da biyu, U+0627 da U+0654, kuma a allo ba za ka bambance su ba. Sai kuma alamar juya rubutu daga dama zuwa hagu, U+200F, wadda ba ta da siffa sam, tana biyo lambar da aka kwafo daga takardar Larabci ta liƙe a gefenta. Idan lambobi biyu suka yi kama a idonka amma manhaja ta ce sun bambanta, ka auna tsawonsu, ka duba su bait (byte) bayan bait. Haka nan ka duba ko an shigar da lambar da alƙaluman Larabci, domin kwatancen rubutu ba ya ɗaukarsu daidai da 0 zuwa 9.

Gajarta suna ma tana haɗa mutane. Gurbin sAMAccountName ba ya wuce harafi 20, sunan shiga a SAP ECC da S/4HANA ba ya wuce 12. Ka ƙirga muhammad.abd za ka ga harafi 12 ne cif, wato Muhammad Abdullahi da Muhammad Abdurrahman da Muhammad Abdul'aziz duk suna ɗaya za su samu idan an datse. A kamfanin da ke ɗaukar ɗaruruwan Musulmi a wata guda, wannan ba ya bukatar rashin sa'a kafin ya faru.

Wasu suna ƙara ranar haihuwa a kan suna suna ganin sun toshe ƙofa. A nan Saudiyya mutane da yawa, musamman manya, 1 ga Rajab ce a katinsu, saboda ita aka riƙa rubuta wa wanda ba a san ranarsa ba, kamar yadda 1 ga Janairu ta cika fasfunan mutanenmu. Juya kwanan watan Hijira zuwa na Miladiyya kuma yana iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu tsakanin kalandar Ummul Ƙura da kalandar lissafi, a tsarin rubuta manhaja na .NET ma aji biyu ne daban, UmAlQuraCalendar da HijriCalendar. Ga kuma bambancin awa uku tsakanin agogon Riyad da UTC, wanda ke mai da sha biyun daren yau ƙarfe tara na daren jiya idan an ajiye kwanan wata tare da lokaci.

Yanzu ga masu asusu biyu. A SuccessFactors, personIdExternal na mutum ne, userId kuma na zaman aikinsa ne, kuma wanda aka sake ɗauka da sabon zaman aiki yana samun sabon userId amma lambar mutum ɗin tana nan. Idan haɗinku ya rataya a kan userId, duk wanda ya dawo baƙo ne a idon Active Directory. Idan kuma ya rataya a kan personIdExternal, wanda shi ne daidai, to ka je sashen ma'aikata ka zauna ka ga yadda suke shigar da mutane a makonnin gab da Hajji. Ina kyautata zaton za ka tarar, saboda cunkoso, ana shigar da wanda ya dawo a matsayin sabon ɗauka, ana tsallake gargaɗin da manhajar ke yi cewa akwai mai kama da shi. Idan haka ne, ɓarakar tana tushe, kuma babu saitin da za ka yi a ɓangarenka da zai ɗinke ta. Ka kuma duba sifilin farko: lambar ma'aikaci a SAP HCM alƙalami 8 ce, ana cike ta da sifili daga hagu, Excel kuwa yana zubar da waɗannan sifilai da zarar an buɗe fayil ɗin CSV an sake ajiyewa, sai 00004521 ta koma 4521, kwatance ya faɗi, a buɗe sabon asusu.

Waɗanda aka ƙi buɗe wa asusu galibi suna maƙale ne tsakanin Active Directory da Entra ID. Entra Connect yana fara neman mutum da ImmutableID, lambar da ke ɗaure asusunsa na Entra da na Active Directory. Idan bai samu ba, sai ya gwada da babban adireshin imel ko userPrincipalName, amma wannan gwaji na biyu yana cin nasara ne kawai idan asusun da ke Entra ba a riga an ɗaure shi da wata lamba ba. Idan aka goge asusun mutum a Active Directory aka sake ƙirƙira, objectGUID sabo ne ko da komai nasa iri ɗaya ne, don haka sai ka ga kuskuren InvalidSoftMatch, ko AttributeValueMustBeUnique idan wani abu daban, ko da rukuni ne ko adireshin tuntuɓa, yana riƙe da adireshin. Tun 2017 Entra Connect, wanda a lokacin ake kira Azure AD Connect, ya koma amfani da ms-DS-ConsistencyGuid a matsayin turke a sababbin girkawa, kuma alherinsa shi ne ana iya rubuta shi, wato kana iya ɗauko tsohuwar lambar ka sa a sabon asusun su sake haɗuwa. Ka yi hattara wajen juyawar: ImmutableID shi ne bait 16 na lambar a rubutun Base64, kuma rukunoni ukun farko na GUID jerin bait ɗinsu a juye yake da yadda ake karanta shi a allo. Wanda ya juya rubutun da yake gani kai tsaye zai sami lamba mai kyan gani wadda ba ta kowa ba ce. Ka bar umarnin ToByteArray na .NET ya yi maka aikin. Manhajar IdFix ta Microsoft za ta fito maka da adiresoshin da suka maimaitu kafin su zama kuskure.

Idan manhajar jadawalin tana karɓar ma'aikata ta SCIM 2.0, ƙa'idar tura asusu tsakanin manhajoji da ke cikin RFC 7643 da 7644 na Satumban 2015, amsar 409 mai ɗauke da uniqueness tana nufin userName ɗin yana hannun wani, sau da yawa tsohon asusun da aka rufe ba a goge ba. Gurbin id manhajar ce ke ba da shi, externalId kuma naka ne, nan za ka zuba lambar turke. Ka lura userName ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, externalId yana bambantawa.

Wajen gyaran, jerin matakai ya fi saurin hannu muhimmanci. Shawarata ita ce personIdExternal ya zama turken kamfanin gaba ɗaya, a zuba shi a employeeID, wanda ke ɗaukar harafi 16, a kuma janye ikon rubuta wannan gurbi daga hannun kowa sai asusun haɗin, domin duk wanda zai iya canza shi zai iya mai da kansa wani. Na fifita shi a kan oid saboda irin aikinku: oid yana mutuwa da asusun, lambar mutum kuwa tana jiran mai ita har Hajjin baɗi. Kada ka canza NameID kafin ka cika sabuwar lambar a bayanan kowa a cikin manhajar albashi. Idan ka gabatar da canjin, washegari kowa zai shiga a matsayin baƙo, manhajar da ke buɗe asusu a shigar farko kuma za ta ninka maka matsalar. Ka fara cikawa, ka gwada da mutane kaɗan daga sassa daban-daban, cikinsu har da wanda ya dawo da wanda ya canza suna, sannan ka juya sauran.

Masu asusu biyu kuma ka haɗa musu jadawali mai nuna tsohuwar lamba da sabuwa da hujjar da ta sa aka ce mutum ɗaya ne, wani daga sashen ma'aikata ya sa hannu a kowane layi. Kwamfuta tana iya kawo sunayen da suka yi kama, amma hukuncin haɗe mutum biyu na ɗan Adam ne, domin raba bayanan albashin da aka cakuɗa ya fi haɗa su wahala ƙwarai. Asusun da ke ɗauke da tarihi shi za a bari, ɗayan a rufe shi, a ɗauke masa adireshi, a jinkirta gogewa. Entra ID yana riƙe asusun da aka goge kwana 30 kacal, kuma Entra Connect yana tsayawa da kansa idan gogewa ta haura 500 a zagaye ɗaya. A kamfani mai girman naku ka rage wannan adadi, kada ka kashe shi.

Abu biyu za su hana maganar dawowa. Na farko, a daina goge asusun ma'aikatan Hajji idan aiki ya ƙare, a rufe shi kawai, kuma tsarin ƙirƙirar suna ya riƙa duba jerin duk adireshin da aka taɓa bayarwa, har na waɗanda suka tafi, kafin ya ba da sabo. Na biyu, a riƙa kwatanta jerin manhajojin duk mako ta lambar turke, rahoton ya fito da wanda ke nan ba ya can, da lamba ɗaya mai asusu biyu, da asusu mai aiki wanda mai shi ya bar kamfani. Juya NameID kuwa kada ka sa shi a Shawwal ko Zulƙida, lokacin da ake tururuwar ɗaukar mutane; ka bari alhazai su watse, a Muharram ko Safar. Amma binciken adiresoshin da aka sake bayarwa ba zai jira ba: ka ɗauko jerin duk wanda aka buɗe wa asusu tun ranar da kuka haɗa manhajojin, ka kwatanta ranar buɗe asusunsa a Entra ID da ranar buɗe fayil ɗinsa a manhajar albashi, duk wanda fayil ɗinsa ya girmi asusunsa kuma lambar ma'aikacin ta saɓa, ka rufe masa shiga manhajar a yau har a tantance.